Baturiya Ta Gamsu, Baba Bai Gamsu Ba

Sallama gare ku 'yan gidan nan. Masu turo saƙo kuna tambayar ina na shige, ban shige ko'ina ba, kunya ce ta zaunar da ni. Abin da zan ba ku yau, da wata ce ta aikata shi da ni ce kan gaba wajen yi mata dariya. To ku gyara zama ku yi mini, na yafe tun yanzu.

Saboda sababbin shigowa, sunana Ummusalma, 'yar Alhaji Na'Allah mai riɗi ta nan Kaura Namoda. Baba yana sayo riɗi daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, a tace shi a sitonmu da ke bayan tashar jirgin ƙasa, a ɗura a buhu a tura Legas. Tun da na gama difloma, ni ce mai magana da duk wanda ba ya jin Hausa. A jikin ƙofar ofis an rubuta mini jami'ar hulɗa da masu zuba jari. A gida kuwa Inna cewa take aikina surutu da kwamfuta.

Masu zuba jarin wani kamfani ne na ƙasar Holan da ke son kawo mana sabon injin tace riɗi, irin mai ware tsakuwa da yashi tas yadda Turawa za su karɓa. Shugabarsu wata Baturiya ce mai farin gilashi, Madam kawai muke ce mata. Kamfaninsu ya hana ma'aikatansa shigowa Zamfara sai in ya zama dole, don haka komai ta kiran bidiyo ake yi. Suna da wakili a Abuja, shi yake haɗa mu. Sunansa Bilyaminu. Eh, shi ɗin dai, ku daina murmushi.

Ban san ranar da saƙonninmu suka tashi daga "kin turo hoton injin?" suka koma "kin ci abinci?" ba. Na dai farga tun damina nake kwana da waya a gefen filo, ga shi har an gama kaka ban taɓa ganin ƙafafunsa ba. Daga ƙirji zuwa hula na san shi. In gajere ne ban sani ba. Shi kaɗai ne wurin mahaifiyarsa, kuma Hajiyar in ta ji kalmar Zamfara sai ta nemi maganin hawan jininta. Ban ga laifinta ba, mu ma da muka saba da hanyar nan sai da addu'a muke hawa.

Ranar Litinin na dawo daga sito na tarar yayata Adda Hannatu ta zo daga gidanta, suna zaune a tabarma ita da Inna suna tsinkar zogale. Ko mayafi ban cire ba ta fara.

"Ina labarin mijinki na cikin waya?"

"Adda don Allah ki bari."

"A'a, tambaya niy yi. In anka ɗaura aure tuwo za a riƙa ba shi ko caji?"

Inna ta danne dariyarta ta ce in zauna. Daga yadda ta ture tiren zogalen na san saƙo ne daga zaure.

"Babanku yac ce in gaya miki, shi bai hana ki wanda kike so. Amma ba shi karɓar magabatan mutumin da bai gani ba. Yaron shi zaka da ƙafatai, shi shigo zaure, shi gaishe shi. In azumi ya kama bai zaka ba, a bar maganag ga."

Na ce, "Inna hanya ce ba kyau."

Ta ce, "Riɗin da kuke ci da shi ta sama yake zuwa?"

Na shige ɗaki na haye gado da takalmi, na rubuta wa Bilyaminu komai, har da maganar cajin don ya ji zafin da na ji. Ba a jima ba ya amso.

Shi: Akwai hanya ɗaya. Madam ta ce in taron Laraba bai gamsar da ita ba za ta tura ni in ga siton da idona, da motar kamfani da rakiyar jami'an tsaro. In aiki ne Hajiya ba za ta hana ba.

Ni: Wato in ɓata taron?

Shi: Ban ce ki ɓata ba. Ki dai rage gishiri kaɗan. Ki bar ta da 'yan tambayoyi.

Ni: Wannan ai mai sauƙi ne.

Ku riƙe wannan maganar tawa, don ni ma na riƙe ta har yau tana ƙona ni. Da na ba Janet labari washegari, wato abokiyar aikina da ke kula da ofis, sai da ta ajiye biro ta dube ni.

"Ke za ki rage gishiri? Ke da in an yaba miki kunu sai kin tashi kin dama wani?"

Na ce ta zuba ido ta ga ikon Allah.

Shi taron Larabar daban yake da na baya, don Madam ta dage sai ta ga mai kamfanin da kansa. Baba kuwa bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, kuma bai ɓoye ra'ayinsa ba. A wurinsa mutumin da zai sa hannu a dukiyarka sai ya sha ruwan gidanka, ka ga yadda yake zama, ka ga abin da yake yi da hannunsa in magana ta yi nauyi. Ita Madam ta taɓa gaya mini ta fi son bidiyo, wai da hantsi ɗaya takan gana da mutanen ƙasashe da yawa ba ta bar kujerarta ba, kuma komai a naɗe yake ba mai cewa bai faɗa ba. Da na fassara wa Baba wannan sai ya ce, "To ta naɗe, mu dai ba mu san ta ba." Da ƙyar ya yarda zai zauna. Daga baya na gano Inna ce ta raɗa masa cewa yaron nan ma zai fito a allon, shi ya sa har gilashinsa na karatu ya sa aka nemo.

Ranar Laraba, jama'a, na yi kwalliya. Leshina ruwan zuma na ɗinkin Sallah, ɗauri ture-ka-ga-tsiya, mayafi mai duwatsu a baki, ga jan lallen da na kwana da shi. Har nan da sauƙi. Abin da ban san dalilinsa ba shi ne turaren wuta da na tsuguna a kai har idona ya yi ja, na bi da humra a wuya da bayan kunne. Ina shiga ofis Janet ta yi atishawa.

"Salma, ƙamshin ta waya zai bi?"

Ban kula ta ba. Muka sa aka ja janareta can bayan katanga saboda ƙara, muka ɗora kwamfutar a kan gwangwanin madara don ta daidaita da fuskar Baba. Inna ta aiko da filas ɗin kunun gyaɗa da ƙosai, wai baƙi baƙi ne ko a ina suke zaune. Baba ya shigo cikin farar shadda yana ta ƙamshin sitati, ya zauna ya harɗe hannu, ni kuma na raɓe a gefensa kan 'yar kujerar roba.

Allo ya rabu biyu. Ga Madam da kofin shayinta, ga Bilyaminu. Shi da kullum cikin kwat nake ganinsa, ranar farin yadi ya sa da hula zanna, ya yi aski har gefen fuskarsa na sheƙi. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi.

Baba ya gyara gilashi ya zuba masa ido yana jiran gaisuwa. Bilyaminu ya dube shi, ya tura kujera baya, sai kawai ya ɓace.

Kujera ce kawai a allon, baƙa mai juyawa, tana ɗan lilo. Ba magana, ba motsi. Baba ya jira. Ya ƙara jira. Can ya yi gyaran murya ya ce wa kujerar, "Sannu samari."

Kujera ba ta amsa ba.

Ni na san abin da ke faruwa, don a can ƙasan allon ina hango ɗan saman hularsa yana sama yana ƙasa. Bawan Allah durƙusawa ya yi. Ya sauka har ƙasa a ofishinsa na Abuja kamar yadda ake yi wa suruki, yana ta zuba gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, bai tuna makirfonsa a rufe yake ba. Baba kuwa idonsa na tsakiyar allo, bai san ana duba gefe ba.

Za ku ce me ya hana in yi bayani. To ku gaya mini da wane baki. In dubi Baba in ce masa saurayina ne ya durƙusa maka? Ni da ko sunansa ban taɓa kamawa a gabansa ba, ko a maganar aiki "wakilin nan" nake cewa. Na buɗe baki, kunya ta rufe shi. Na taka ƙafar Janet don ta cece ni, ita kuwa ta cusa fuska cikin gyale kafaɗunta na rawa.

Madam ta matso da fuska ta tambaya da Turanci ko layinsa ne ya yanke. A daidai nan ya taso. Ya zauna, ya gyara hula, fuskar nan fal murmushin wanda ya sauke nauyi, ya danna makirfo ya ce da Turanci, "To, mu fara ko?"

Baba ya cire gilashinsa ya ninke ya sa a aljihu. Duk wanda ya san Alhaji Na'Allah ya san an gama.

Ni dai na ce a raina ba komai, ai in ya zo Kaura zai gyara da bakinsa, abin da ya rage in rage gishiri. Tambayar farko da Madam ta yi a kan yawan yashin da tsohon injinmu ke bari ne, kuma na riga na shirya amsa, zan ce sai na bincika. Kafin in faɗa ta ɗaga hannu ta ce tana son ta gaya wa Alhaji wani abu tukuna. Wai a duk ƙasashen da take hulɗa da su ba ta da mai yi mata bayani dalla-dalla kamar 'yarsa.

Na fassara wa Baba, har na ɗan ƙara mai. Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla."

Jama'a, a nan kaina ya fashe. Baba ba ya yabo, wannan madallar tun ina firamare nake nemanta. Sai na ji bakina yana zubo amsar yashi tun daga tushe, har da abin da ba a tambaye ni ba. Madam ta ce da ma za ta ga cikin siton. Maimakon in ce sabis ba ya kaiwa can, wanda ma gaskiya ne rabin lokaci, sai na ji na ce, "Yanzu kuwa."

Na mayar da kiran kan wayata. Baba ya sa leburori suka ja ƙofofin sito suka rufe, don a garin nan ba a nuna wa titi abin da ke cikin sito, ba ka san wa ke kallo ya kai wa 'yan bindiga labari daji ba. Ranar kuma sabis ya ga dama, ko sau ɗaya bai yanke ba. Na bi layin buhuna ina nunawa. Na soka hannu na ɗebo riɗi na baza a tafin lallena na kai shi har bakin kyamara. Na sa aka tayar da tsohon injin, na nuna mata inda yake tari da inda aka ɗaure da waya. Na nuna sikeli, na nuna katakon da muke jera buhu a kai saboda danshi, na nuna magen da ke mana maganin ɓera. Wallahi da leshin Sallah na haye kan buhuna don ta ga rufin ba ya yoyo.

Saƙonni suna ta faɗowa a saman wayar.

Shi: Gishiri.

Shi: Salma gishiri fa.

Shi: Don girman Allah ki sauko daga kan buhun nan.

Ina gani ina share su da yatsa, don suna tare mini fuskar Madam.

Da na dawo ofis ina haki, ɗauri ya karkace, ƙurar riɗi har cikin gira, sai Madam ta ajiye kofi ta tafa mini. Ta ce ta sha biyan kuɗin jirgi ta tura mutane ba su kawo mata rabin abin da ta gani yau ba. Ta ce ta gamsu ɗari bisa ɗari, za a ci gaba da maganar inji. Sannan ta juya wajen Bilyaminu da fara'arta ta ce albishirinsa, ba sai ya yi kasadar zuwa Zamfara ba, yau ɗin nan za ta soke tafiyar.

Na ga fuskarsa ta yi kamar an watsa wa kaza ruwa. Baba ya juyo ya ce, "Mi tac ce?"

Da bakina na fassara. Ni na gaya wa mahaifina cewa na yi aiki da kyau har an fasa turo wakili.

Baba ya miƙe yana gyara hannun riga. "Ita wagga mata ta san darajar mutane, ki yi mata godiya. Shi ko wancan, gara da anka hutar da shi. Yaron da za ni gaisarwa shi tashi shi bar ni da kujera, mi za shi zaka yi gidana?"

Ya fita. Janet ta zuba kunun baƙi a kofi ta miƙo mini, na sha ina hawaye, ƙosan ma ni na cinye.

A gida na faɗa jikin Inna na ba ta labarin hular da na hango. Ta yi dariya har da riƙe ciki, Adda Hannatu kuwa aka kira ta a waya musamman don kar ta rasa rabonta. Amma Inna ta tausaya, bayan sallar isha'i ta kai wa Baba bayani tare da tuwonsa. Da safe ta kawo mini amsa.

"Yac ce ya ji, kuma Allah shi yi mai albarka. Amma durƙuson da bai gani ba, ƙasar Abuja anka yi wa. Maganatai tana nan, azumi."

Haushin kaina ya ishe ni, kuma kun san halina, in na ji haushin kaina sai na nemi wanda zan sauke wa. Na ɗauki waya.

Ni: Wa ya ce ka durƙusa a gaban kwamfuta?

Shi: Wa ya ce ki hau buhu?

Ni: Aikina na yi.

Shi: Ni ma tarbiyyata na yi.

Da na tsaya a nan da an yi dariya an wuce. Ban tsaya ba. Na rubuta masa cewa komai nasa a cikin waya yake, gaisuwarsa a waya, alkawarinsa a waya, son ma ban sani ba ko in caji ya ƙare shi ma ƙarewa yake. Na ce mata masu goyo suna bin hanyar nan kullum da kwanon awara a ka, shi yana jiran sai an haɗa shi da sojoji. Na rufe da cewa in da gaske yake ya zo, in ba zai iya ba ya faɗa mini in san inda dare ya yi mini.

Ya karanta. Bai amsa ba.

Yinin Alhamis ban ji ɗuriyarsa ba. Na yi ta buɗe wayar ina rufewa, ina ce wa kaina ai gaskiya na faɗa. Na rubuta ban haƙuri na goge, na sake rubutawa na goge, don girman kai bai gama da ni ba. Ranar Juma'a ma shiru, har aka sauko daga masallaci, har aka yi la'asar.

Ina tsakar gida ina kwashe shanya, rana ta yi sanyi, sai wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne. Bayan muryarsa ina jin ƙugin mota da kukan jariri.

"Salma, na fito tun asuba, Hajiya ta ɗauka Kaduna na tafi. Motarmu ta lalace a Funtuwa, shi ya sa na yi yamma. Na samu wata ƙaramar mota a bakin tashar Gusau, direban ya ce zai kai mu Kaura kafin magariba. Yanzu muka fita gari. Ki gaya wa Baba ina tafe."

Zanin da ke hannuna ya faɗi ƙasa. Duk ɗan Kaura ya san in la'asar ta wuce ba a hawa hanyar nan, direbobin kirki ma ajiye mukulli suke sai gobe. Wanda zai yi lodi a wannan lokacin, a wajen tasha, ko dai baƙo ne ko wanda bai damu da ransa ba. Shi Bilyaminu ina zai sani? A duk surutun da na yi masa tun damina, wannan ne kaɗai ban taɓa gaya masa ba.

Na kira, ba ta shiga. Na sake kira, aka ce ba a samun layin. Na rubuta masa, ka sauka, ka koma Gusau ka kwana, na janye duk abin da na faɗa. Saƙon ya tsaya da alama ɗaya, bai isa ba.

Ban san lokacin da na ratsa tsakar gida ba, ba mayafi ba takalmi. Baba yana zaure a kan buzunsa da carbi. Na durƙusa na miƙa masa wayar na kunna, don bakina ba zai iya ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya leƙa waje ya dubi inda rana take, na ga carbin ya tsaya a hannunsa.

"Wa yac ce mishi shi hawo hanya yanzu?"

"Ni ce, Baba."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙe ya zura takalmi, ya laluba aljihu ya ciro wayarsa yana neman lambar shugaban direbobi, sai na ga yatsansa yana kuskure madannin.